Mudun da ke sama shi ma yana lotsewa

'Yata ta fari tana wata bakwai uwarta ta dawo daga awo ido ya raina fata. Katin asibiti ya nuna yarinya ta ragu da kusan rabin kilo cikin wata guda. Ga yarinya kuwa tana shan nono, tana wasa, har ta fara zama da kanta. Kafin la'asar gida ya cika da masu ba da magani. Wannan ta ce haƙori ne, waccan ta ce shawara ce, kakarta ta aika a nemo sassaƙe. Washegari na ɗauki katin na koma. Ma'aikaciyar ta duba, ta yi dariya, ta ce, "Malam, kwantar da hankalinka, sikeli aka canza." Ashe tsohon sikelin ratayen nan mai ɗan wando ne ya lalace, aka kawo sabo mai lambobi, kuma babu wanda ya tuna ya ɗora yaro ɗaya a kan su biyun kafin a kawar da tsohon. Yaran unguwa kaf suka rame a wata ɗaya, a takarda. Wataƙila ma tsohon ne ya yi shekaru yana ba su ƙibar ƙarya. Babu mai iya rabe wannan gardama yanzu, don tsohon sikelin ya daɗe da tafiya bola.

Katin nan nake tunawa duk lokacin da na ji mai karanta labarai ya ce "taurarin ɗan adam sun nuna" duniya ta ƙara zafi, ko teku ta ƙara tasowa, ko hamada ta ja da baya. Mukan karɓi maganar kamar abin da ke can sama ba ya kuskure. Alhali na'urar da ke cikin tauraron nan sikeli ce kawai da mutum ya ƙera, rana tana gasa ta, sanyi yana daskarar da ita sau goma sha huɗu a kowace rana yayin da take shiga inuwar duniya tana fita, madubinta yana dusashewa, kuma babu makanikin da zai hau ya duba ta. Ra'ayina shi ne, a duk harkar auna sauyin yanayi daga sama, aikin da ya fi kowanne daraja shi ne wanda ba a yi masa biki: duba mudun da kansa, a gwada shi da wani mudun, a gyara lissafi. Kuma shi ne aikin da ake fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci.

Dalilin da abin ya yi tsanani haka, ƙanƙantar abin da ake nema ne. Mai hasashen ko za a yi ruwa gobe, in na'urarsa ta kauce da rabin digiri ba komai, hadari dai hadari ne. Mai bin sauyin yanayi kuwa yana farautar ƙarin zafi da bai wuce digiri 0.2 ba a cikin shekara goma. Tauraro ɗaya ba ya kai shekarun da ake buƙata. Tarihin zafin sararin sama da ake da shi tun ƙarshen 1978 ɗinki ne, an haɗa shi daga taurari fiye da goma, kowanne da halinsa. Yawancinsu ma don hasashen gobe da jibi aka ƙera su, ba a yi su da niyyar wani zai zo bayan shekara arba'in yana tambayar su lissafin ƙwayar gero ba.

Labarin da ya fi nuna haka ya faru a Amurka. A 1990 wasu masana biyu a garin Huntsville na jihar Alabama, Roy Spencer da John Christy, suka fito da dabara mai kyau. A cikin taurarin NOAA, hukumar yanayi da teku ta Amurka, akwai wata na'ura, MSU, wadda ba ta taɓa iska balle ta ji zafinta. Saurare take yi. Iskar oksijin tana fitar da wani siririn haske da ido ba ya gani, ƙarfinsa yana bin zafin iskar, na'urar kuma tana auna wannan ƙarfi daga nisan kilomita wajen 850. A kowane juyi takan kalli duniya, ta waiwaya ta kalli sararin samaniya inda sanyi ya kai digiri 270 ƙasa da sifili, sannan ta kalli wani ɗan faranti mai ɗumi da ke cikin cikinta wanda aka san zafinsa. Da waɗannan duwatsun sikeli biyu take kimanta duk abin da ta gani a ƙasa. Spencer da Christy suka ɗinka bayanan taurarin suka fitar da tarihin zafin duniya baki ɗaya, har da tekuna da dazukan da babu tashar awo. Aiki ne da ya cancanci yabo, kuma an yaba musu.

Sai dai abin da lissafinsu ya nuna ya ta da ƙura. Ma'aunan ƙasa suna cewa duniya tana ɗumi, na sama yana cewa daga 1979 zuwa tsakiyar shekarun 1990 iskar da ke kusa da ƙasa ma ɗan sanyi take ƙarawa. Masu adawa da maganar ɗumamar yanayi suka samu sanda. Shekaru ana kai wannan lissafi gaban majalisar dokokin Amurka, ana buga shi a jaridu, ana cewa ga alƙalin da ba ya cin hanci ya yanke hukunci.

A 1998 Frank Wentz da Matthias Schabel, na wani kamfanin bincike a Kalifoniya mai suna Remote Sensing Systems, suka lura da abin da aka tsallake. Taurarin suna gangarowa. Ko a can sama akwai ragowar iska da ke jan su, suna saukowa da wajen kilomita ɗaya a shekara, kuma abin yakan ƙaru idan rana ta shiga shekarunta na tashin hankali. Kilomita ɗaya cikin 850 kamar ba komai ba. Amma lissafin zafin iskar ƙasa-ƙasa ya dogara ne kan bambanci tsakanin abin da na'urar ta gani tsaye a ƙarƙashinta da abin da ta hango a karkace, to da tauraro ya sauko, kusurwar hangen ta canza. Wannan kaɗai ya ƙirƙiri sanyin ƙarya. Da suka cire shi, lissafin ya juya daga ragin digiri 0.05 a shekara goma zuwa ƙarin 0.07.

Ba a gama ba. Taurarin nan an saita su su riƙa ratsa kowane wuri a lokaci ɗaya kullum, misali wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana. Da tsufa sai su riƙa makara, har wanda ya fara zuwa bayan azahar ya koma zuwa bayan la'asar. Kowa ya san zafin azahar ba ɗaya yake da na la'asar sakaliya ba. Wanda ya auna Kano da azahar a bana, ya dawo bayan shekara biyar ya auna ta da yamma, zai rantse gari ya yi sanyi. Mutanen Huntsville sun san da wannan, sun kuma yi masa gyara. A 2005 Carl Mears da Wentz suka nuna gyaran ya tafi a juye, inda ya kamata a ƙara an rage. Spencer da Christy suka duba, suka amince, suka gyara, adadin ɗumi ya ƙara hawa. A 2006 wani rahoton gwamnatin Amurka, wanda Christy kansa yana cikin marubutansa, ya ce babban saɓanin da ke tsakanin awon ƙasa da na sama a matakin duniya ya kau.

Shekara goma sha biyar ke nan ana jayayya a kan manufar ƙasa mafi ƙarfin tattalin arziki a duniya, ana kafa hujja da mudun da gindinsa ya lotsa.

A nan ne wani abokina, wanda ba ya yarda da komai in dai daga gwamnati ya fito, yakan tare ni. Ya ce, to ai ka faɗa da bakinka, alƙalami suke sa wa lambobi har sai sun faɗi abin da suke so. In ma'auna a kasuwar Dawanau ya auna maka buhu ya ce tiya arba'in, sannan ya dawo ya ce a'a ya yi "gyara", arba'in da biyu ne, za ka yarda?

Tambayar ba ta banza ba ce, kuma ba na son a amsa ta da raini. Gaskiya ne gyara yana buƙatar hukuncin mutum. Har yau ƙungiyar Huntsville da ta Kalifoniya ba su fitar da adadi ɗaya, duk da cewa bayanai ɗaya suke ɗauka daga taurari ɗaya, domin sun saɓa kan yadda za a ɗinke wasu wurare da kuma tauraron da za a fi amincewa da shi. Amsar da nake ba abokina ita ce, zan yarda da ma'aunan nan idan ya nuna mini lotsawar tiyar da idona, ya kuma bar wani ma'auna da ba sa ga maciji da juna ya sake awon a gabana. Abin da ya faru ke nan. Abokan hamayya ne suka gano kuskuren, da bayanan da aka baza a fili kowa ya ɗauka. Da an kulle bayanan a ofis, da har yau sanyin ƙaryar nan yana cikin littattafai.

Kuma da maguɗi ne, da gyaran kullum gefe ɗaya yake faɗawa. Ba haka yake ba. An yi shekaru ana ganin ƙanƙarar tsibirin Girinlan tana yin duhu a hotunan na'urar MODIS da ke kan tauraron Terra, wanda aka harba a Disambar 1999. Aka fara zargin toka da ƙurar da iska ke kwasowa, aka damu, don ƙanƙara mai duhu ta fi saurin narkewa. A 2015 bincike ya nuna cewa a tsakiyar tsibirin, inda ƙanƙarar take busasshiya, babban ɓangaren duhun daga idon na'urar yake, tsufa ya sa ta fara gani dishi-dishi. Aka gyara, abin tsoron ya ragu. Haka awon hasken rana: an daɗe ana rubuta cewa ƙarfinsa a saman sararin duniya wat 1,366 ne a kan kowace murabba'in mita, sai wata sabuwar na'ura da aka harba a 2003 ta ce 1,361. Aka kai tsofaffin samfura ɗakin gwaji, aka tarar haske yana warwatsuwa a cikinsu yana ƙara musu karatu. Sabuwar ce ke da gaskiya.

Na teku ya fi ba ni mamaki. Tun 1992 tauraron TOPEX/Poseidon na Amurka da Faransa, da magadansa Jason na ɗaya da na biyu da na uku, sannan Sentinel-6 a 2020, suke jefa siginar rada kan ruwa daga nisan kilomita 1,336, su ƙirga lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo. Daga wannan nisa ake neman canjin milimita uku a shekara, kaurin kwabo biyu in an ɗora. Shekaru da dama lissafin yana nuna teku tana tasowa da gudu ɗaya, ba ta ƙara sauri, abin da bai dace da yadda ƙanƙara ke narkewa ba. Da aka gwada bayanan da ma'aunan ruwa na tashoshin jiragen ruwa, sai aka gano na'urar TOPEX ta farko ta yi ta zamewa a shekarunta shida na fari, tana ƙara wa awon. Da aka rage na farkon, saurin ya fito fili: daga wajen milimita 2 a shekara a farkon shekarun 1990 zuwa sama da 4 a yanzu. Mutumin Legas da ruwa ke cin bakin unguwarsa yana da ruwa da tsaki a wannan ɗan gyara.

Masu awon tekun nan sun koyi darasin da asibitin unguwarmu bai koya ba. Duk lokacin da aka harba sabon tauraro, sai a sa shi ya bi hanya ɗaya da tsohon, tsakaninsu wajen minti ɗaya, na tsawon watanni, su auna ruwa ɗaya a lokaci ɗaya. Yaro ɗaya a kan sikeli biyu ke nan. Sai an san bambancinsu sannan a sallami tsohon.

Inda ba a samu yin haka ba, rigima ba ta mutuwa. Na'urar da ke auna hasken rana a kan tauraron Solar Maximum Mission ta daina aiki a 1989. Magajiyarta ya kamata ta riske ta a sama, amma hatsarin kumbon Challenger a 1986 ya dagula jadawalin harbawa, ba ta tashi ba sai 1991. Giɓin shekara biyu. Hasken rana kuwa canjinsa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba a zagayensa na shekara 11, bambancin da ke tsakanin na'ura da na'ura ya fi abin da ake nema girma. Aka cike giɓin da wasu na'urori da ba su kai su inganci ba. Ƙungiyar Richard Willson a Amurka ta ɗinka ta ce rana ta ɗan ƙara haske, ta Claus Fröhlich a Dabos ta ƙasar Suwizalan ta ɗinka ta ce ba ta ƙara ba. Aka shekara ashirin da ɗoriya ana ja. Ko nawa aka zuba yau, ba za a koma 1990 a auna ranar 1990 ba.

Shi ya sa nake jin takaici idan na ga yadda ake raba kuɗi. Harba sabon tauraro yana da hoto, akwai wuta da hayaƙi da tafi da jawabin minista. Riƙe tsohon tauraro shekara ɗaya don ya yi tafiya tare da sabo ba shi da hoto, a takardar kasafi ma kama da ɓarna yake, na'ura biyu suna aiki ɗaya. NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta taɓa tsara wani shiri, CLARREO, wanda aikinsa shi ne ya zama dutsen sikeli a sama, na'urar da aka auna ta da matuƙar tsanani don sauran su riƙa gwada kansu da ita. A 2011 aka zare shi daga kasafi, abin da ya rage ƙaramin gwaji ne. A tsakiyar 2025 kuma aka wayi gari da sanarwar cewa ma'aikatar tsaron Amurka za ta daina ba da bayanan wasu taurarinta, waɗanda da su ake bin ƙanƙarar tekun Arewa da ta Kudu tun 1987, kuma wa'adin kwanaki kaɗan aka bayar. Sai da masana suka yi ca sannan aka ɗage, daga baya aka janye. An tsira, amma an ga yadda zaren shekara kusan arba'in yake rataye a kan sa hannun mutum ɗaya.

To mu ina namu a ciki? Na daɗe ina ɗauka kallo ne namu, sai da na gano cewa ɗaya daga cikin manyan duwatsun sikelin duniya a bayan gidanmu yake. Na'urorin da ke ɗaukar hasken da ido ke gani suna buƙatar wani abu da ba ya canza kama, wanda za su riƙa kallo shekara da shekaru, in ya canza a hoto a san idonsu ne ya lalace. Wata yana cikin irin waɗannan: tauraron da ke ɗauke da na'urar SeaWiFS, wanda aka harba a 1997, ya riƙa juyawa sau ɗaya a wata yana kallon farin wata har ya daina aiki a 2010, don fuskar wata ba ta tsiro ba ta bushewa. Sai kuma hamada. A 1996 wasu masana Faransawa suka zaɓi wurare 20 a Sahara da yankin Larabawa, tuddan rairayi inda babu ciyawa, babu gari, gajimare ma sai jefi-jefi. Wanda ya fi suna shi ne wanda ake kira Libiya ta huɗu. Akwai na Aljeriya, na Muritaniya, na Mali, na Sudan, akwai kuma guda uku a Nijar. Rairayin da muke yi wa kallon kufai, da shi ake wanke idon na'urori na miliyoyin daloli.

Kuma amsar tambayar da ta fi damun mu ta bi ta kan rairayin nan. A 1975, bayan farin da ya halaka dabbobi da mutane a Sahel, wani masani mai suna Hugh Lamprey ya yi shawagi a arewacin Sudan, ya kwatanta abin da ya gani da tsohuwar taswira, ya ce hamada tana tahowa kudu da kilomita biyar da rabi a kowace shekara. Adadin nan ya shiga rahotanni da littattafan makaranta, da shi muka girma. A 1991 Compton Tucker na NASA da abokan aikinsa suka duba koren tsiro na shekara goma ta na'urar AVHRR, suka ga iyakar hamada gaba da baya take yi, tana bin damina. Ta gangaro sosai zuwa 1984, shekarar babban fari, da ruwa ya dawo ta koma. Daga baya aka fara maganar cewa Sahel tana sake yin kore.

Amma idon AVHRR da ke ganin kore ba shi da abin gwaji a cikinsa. Yana dusashewa, taurarin suna makara kamar yadda na faɗa, inuwa tana tsawo, ga kuma dutsen Pinatubo na Filifin da ya yi aman wuta a 1991 ya cika sama da hazo. Kowanne daga cikin waɗannan zai iya ƙirƙiro kore ko ya ɓoye shi. Da rairayin da ba ya tsiro aka tace lissafin, a ce duk "koren" da ya bayyana a kan tudun yashi tsantsa na na'ura ne, a cire shi daga ko'ina. Duk da haka hoton sama bai iya faɗin ko koren nan ciyawar damina ce ko itace ba, ko kuma ciyawar da dabba ba ta ci. Sai da mutane suka taka ƙasa a jihohin Maraɗi da Damagaram, suka haɗa da tsofaffin hotunan jirgin sama, sannan aka tabbatar manoma ne suka bar gawo da sauran itatuwa suna tofowa a gonakinsu, a fili mai faɗin hekta wajen miliyan 5.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake ganin namu ne, kuma muna sakaci da shi. Taswirar ruwan sama da ake nuna mana daga tauraro ba ruwa take aunawa ba. Tauraron Meteosat na Turai yana auna sanyin saman gajimare ne, da tsawon lokacin da ya yi a kan wuri, don gajimaren da ya yi tsawo ya yi sanyi shi ne mai zubar da ruwa. Kafin a mayar da sanyin nan milimita, dole a gwada shi da ma'aunin ruwan sama na ƙasa, gwangwanin nan mai mazurari da mutum ke zuwa da safe ya juye a kwalba mai zane ya rubuta. Haka shirin TAMSAT na Jami'ar Reading a Ingila yake yi wa Afirka, da bayanai tun daga 1983. Inda gwangwanaye suka yi ƙaranci, lissafin yakan zama kirdado mai kyan gani. Hukumar yanayi ta duniya ta daɗe tana cewa tashoshin awo a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata ba.

Kada a ɗauka wannan maganar malaman jami'a ce. Da irin wannan kirdadon ruwa na tauraro ake yanke ko fari ya kai a biya inshora. A farkon 2015 asusun inshorar fari na Tarayyar Afirka ya biya Nijar da Muritaniya da Senegal sama da dala miliyan 26 bayan daminar 2014 ta gaza. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, da irin waɗannan bayanai take gargaɗin inda yunwa za ta ɓullo. In mudun ya ce an yi ruwa a inda ba a yi ba, manomin da geronsa ya ƙone a tsaye shi zai biya kuɗin kuskuren, kuma ba zai taɓa sanin daga ina abin ya fito ba.

Wani zai ce ƙasar da ba ta gama da asibiti da makaranta ba, ina ita ina gwangwanin ruwa? Ni kuma na ce ai mun sayi taurari. Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, ta ƙara biyu a 2011, an yi murna, ban kuma ce laifi ba ne. Kuɗin tauraro ɗaya zai riƙe ɗaruruwan tashoshin ƙasa da albashin masu karanta su na shekaru masu yawa. Kuma mai tashar ƙasa ba ɗan kallo ba ne a wannan fage. Ramin da ya buɗe a saman Antatika a rufin iskar ozon, wadda ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa, mutum uku na hukumar binciken Birtaniya ne suka sanar da shi a 1985, Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, da wata tsohuwar na'ura a tashar Halley wadda ake karantawa tun shekarun 1950. Tauraron NASA yana wucewa ta kan ramin kullum, amma lambobin sun yi ƙasa ƙwarai har manhajar ta riƙa sa musu alamar shakka. Akwai irin wannan aiki a kusa da mu: na'urorin auna ƙura na Banizumbu a Nijar da na Jami'ar Ilori suna cikin waɗanda ake gwada awon ƙurar hunturu na taurari da su. Ƙasar da ke da dogon awo mai tsabta, ita ake zuwa nema, da ita ake zama a teburi.

Kwanakin baya na bi ta makarantar sakandaren da na yi. A bayan ɗakin gwaje-gwaje akwai ɗan shingen waya inda ma'aunin ruwan sama yake, da farin akwatin nan mai ƙafafu da ake ajiye ma'aunin zafi a ciki. A zamaninmu malamin labarin ƙasa yakan sa ɗalibi ɗaya kowane mako ya je da safe ya karanta ya rubuta a wani dogon littafi mai baƙin bango, in ka makara ka sha bulala. Shingen yana nan. Akwatin ya rasa ƙofa, zanzaro ya yi gini a ciki. Gwangwanin ma yana nan, sai dai darbejiyar da aka dasa a gefensa ta girma ta yi masa rumfa, ko da wani ya ci gaba da karantawa, ruwan da ganye ya tace zai riƙa aunawa, kuma littafin zai nuna damina tana raguwa shekara bayan shekara daidai da girman itacen. Na tambayi maigadi ina littafin yake. Ya ce, "Wallahi ranka ya daɗe, tun da aka gyara rufin ofis aka kwashe takardu, ban san inda aka kai su ba."